Wace iska? Nazarin wani dare a gidan haya a Aboabo

Gidan yana unguwar Aboabo, a Kumasi ta Gana, irin gidajen hayarmu na zango: ɗakuna a kewaye, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyoyin shanya sun sarƙe a sama. Na zauna a cikinsa lokacin da nake koyarwa a wata makarantar Islamiyya da ke kusa. Mafi yawan abin da zan faɗa a gabana aka yi, sauran kuma daga bakin waɗanda abin ya shafa na ji. Ba zan kama sunan kowa ba, don har yau muna haɗuwa a wajen suna da jana'iza.

Mutum biyar ne suka kusa rasa ransu a dare ɗaya. Tun makonni kafin daren, duk gidan ya riga ya yarda a kan abin da ke damun su. Kowa ka tambaya sai ya ce iska ce, ko kuma "iska ne", kamar yadda muke faɗa a nan, tunda Hausarmu ta Gana ba ta damu da rarrabe namiji da mace ba. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Amma kuma ba wanda ya taɓa tambayar ɗan'uwansa wace iskar yake nufi.

Yadda janareta ya shigo gidan

Ƙarshen 2014 ne, dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ta yi tsanani. Kalmar daga Tuwi take, harshen Ashantawa, "kashe" da "kunna", kuma kashewar ta fi yawa. Matsalar ta faro ne tun watan Agusta na 2012, lokacin da ƙugiyar wani jirgin ruwa ta lalata bututun da ke kawo iskar gas daga Najeriya, a gaɓar tekun Togo, ga kuma ruwan madatsar Akosombo da ya ja baya. Daga baya a 2015 har ta kai ana ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. Ashe tun daga tushe ma ƙarancin wata iskar ce ta jefa mu a duhu.

A ɗakin kusurwa akwai wani tela, mai aikin wuyan riga da keken lantarki, shagonsa yana wajen Alabar. Maulidi ya faɗo a farkon Janairun 2015, ɗinki ya taru masa, masu kaya suna ta zarya. Sai ya ci bashi ya sayi ƙaramin janareta. Da rana yana shago, da dare ya ɗauko shi gida ya ci gaba da aiki, maƙwabta kuma su kawo wayoyinsu caji. Da farko a tsakar gida yake ajiye shi. Aka yi ƙorafin ƙara, sannan aka sace na wani a layin bayanmu, sai ya mayar da shi barandarsa. Barandar kuwa tuni ya kewaye ta da falanki ya sa mata ƙofa, ta zama kicin da ma'ajiya, kamar yadda kusan kowa yake yi a gidajen haya. Daga baranda sai falo, daga falo sai uwar ɗaki mai taga ɗaya. Shi da matarsa da 'ya'ya uku suke kwana a ciki. Mahaifiyarsa, wadda duk gidan ke kira Mma, tana da nata ɗakin a ɗaya ɓangaren.

Makonnin ciwon kai

Yaran ne suka fara. Su tashi da safe da ciwon kai, jiri, wani lokaci amai. In sun tafi makaranta, kafin tara sun warware. Uwarsu ma haka: jiki ba ƙarfi da asuba, amma da ta fita kasuwar Kejetiya sayayya sai ta ji garau. An gwada zazzaɓin cizon sauro a kemis, ba a ga komai ba.

A nan ne kalmar ta fara aikinta. Telan ya ce iska ce, yana nufin hunturu: ga ƙura, ga sanyin asuba, ga leɓɓa suna tsagewa, kowa yana tari. Matarsa ta ce iska ce, tana nufin abin da ke cika wa yara ciki ya sa su kumburi da amai, har ta hana su cin wake da dare. Mma ta ce iska ce, ta rage murya. Ita mutanen ɓoye take nufi.

Hujjar Mma ba ta wasa ba ce, kuma ina so a yi mata adalci. Ciwo ne da ba ya zuwa sai dare. Yana kama ɗaki ɗaya ya bar sauran. Yana sakin mutum da zarar ya bar wurin, ya sake cafke shi in ya dawo. Ba a ganin sa, gwajin kemis bai gan shi ba. Duk wanda ya tashi yana jin labarin Doguwa da Inna mai shanye ƙafar yaro, da wuraren da ba a zuba ruwan zafi ba tare da bisimilla ba, ya san wannan siffar. Kuma dattawa ba sa kiran sunan aljani ɓaro-ɓaro, musamman da dare. Shi ya sa ake cewa iska. Lulluɓi ne aka yi wa kalmar da gangan, don a faɗa ba tare da an faɗa ba. Da Mma ta ce "iskoki", da kowa ya gane, domin jam'in kusan kullum su ake nufi da shi. Ba ka jin mai faci ya ce ya sa wa tayoyi iskoki. Amma tilo ta yi amfani da shi, ɗanta kuma ya gyaɗa kai, kowannensu yana ganin ɗayan ya fahimce shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro in na tuna shi ne, fassarar telan da ta Mma duk sun kai su ga magani iri ɗaya. Mai tsoron hunturu ya ce a rufe taga. Mai tsoron mutanen ɓoye ta ce a rufe taga. Aka rufe ta, aka cusa tsummoki a ramukan gilashin da suka fashe, aka shimfiɗa tsohon buhu a ƙasan ƙofar baranda ta waje. Mma ta ƙara da nata: kullum bayan isha'i sai ta zuba garwashi a kurfoti, ta barbaɗa turaren hayaƙi, ta ajiye a falo ya kwana yana ci. Ni da kaina na taɓa riƙe mata ƙofa tana shiga da shi. Ban ce komai ba. Na ji ƙamshi, na ce Allah ya ba da lafiya.

Iskar da ba wanda ya ambata

Iskar da muke shaƙa, kusan kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 oksijin. Idan fetur ko gawayi ya ƙone a inda oksijin bai wadata ba, ƙonewar ba ta kammala, sai ta fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Warin da ake ji a hayaƙin janareta na wasu abubuwan ne dabam; ita kanta shiru take zuwa. Nauyinta kusan ɗaya da na iskar ɗaki, don haka gauraya take yi, ta bi ta ƙasan ƙofa da tsagar falanki.

In ta shiga huhu, tana manne wa sinadarin jan jini mai ɗaukar oksijin, kuma riƙon da take yi masa ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Mutum yana numfashi, ƙirjinsa yana hawa yana sauka, amma jininsa ya koma dako ba kaya. Ƙwaƙwalwa da zuciya su ne farkon jin yunwar. Daga ciwon kai sai jiri, sai amai, sai ruɗewa, sai ƙafafu su ƙi ɗaukar mutum ko da ya gane yana cikin haɗari. Mai barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa. Yara sun fi saurin kamuwa saboda sun fi manya saurin numfashi.

A ɗora wannan bayanin a kan na Mma, a ga inda suka saɓa. Ba a gani, ba a jin wari, da dare take zuwa, ɗaki ɗaya take kamawa, tana sakin wanda ya fita. Mma ta karanta alamomin daidai, fiye da ɗanta ma. Sai dai sunan da ta ba abin shi ne ya sa aka toshe taga aka ƙara garwashi.

Daren 8 ga Fabrairu

Ranar ce aka buga wasan ƙarshe na kofin Afirka, Gana da Kwaddibuwa. Aka tashi ba ci, aka je bugun fenareti, muka fara da biyu da babu, daga ƙarshe aka cinye mu 9 da 8. Kofi ya bi iska. Ba a jima da gamawa ba wuta ta ɗauke a layinmu, kowa ya shige ɗaki ba mai son magana. Telan yana da riguna biyu na ɗaurin aure da zai miƙa da safe. Ya tayar da janareta a baranda, ya kulle ƙofar waje, ya zauna a kan keke. Kurfotin Mma yana gefe.

Akwai wani saurayi a gidan, ɗan wata bazawara, shekarunsa ba su kai ashirin ba. Faci yake yi a bakin titi, da kwamfaresa da bahon ruwan gwada tiyub. A da ya fara koyon kanikanci a Magazin ta Suwame, unguwar kanikawan Kumasi, bai gama ba. Gashi a tsaye, wando a ƙasan ƙugu, ba a cika ganin sa a sahun asuba ba. Sunan da Mma ta raɗa masa shi ne "ɗan iskan nan", ta kuma hana jikokinta zama kusa da shi. Shi kuwa in an tsokane shi sai ya ce ai gaskiya ne, iska yake sayarwa, da ita yake ciyar da uwarsa.

A daren ya tsaya majalisa ana ta musun wa ya zubar da fenareti, bai dawo ba sai wajen ƙarfe biyu. Ya ji janareta yana ci a bayan rufaffiyar ƙofa, fitila a kunne, amma ba ƙarar keke. Ya gaya mini daga baya cewa abin da ya faɗo masa shi ne marin da mastansa ya taɓa yi masa a Magazin, ranar da ya tayar da injin mota a cikin shago a rufe. Ya buga ƙofa.

"Baba tela! Baba tela, ka buɗe!"

Shiru. Ya ɗauko ƙarfen cire taya ya ɓalle ƙofar. Ƙarar ce ta tashe mu. Na fito na tarar ya kashe injin, yana jan telan ta hammata, kan mutumin yana lilo. A kan keken ya kife, rigar tana ƙarƙashin allura. Muka shiga muka kwaso matar da yaran. Babbar 'yar tana nishi, ta yi amai a kan filo. Ƙaramin, ɗan shekara uku, jikinsa ya saki gaba ɗaya kamar tsumma. A baranda akwai kaza a cikin kwando, wadda aka saya za a yanka. Ta riga ta sanƙare.

Muka shimfiɗe su a tabarma a tsakar gida, sai musu ya tashi, ya kuma ci kusan awa guda. Saurayin yana ta faɗin hayaƙin inji ne, a nemo tasi. Mma ta ce masa, "Kai, rufe mana baki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba." Ta aika a taso malamin masallacin layinmu, ta koma tana hura garwashi za ta yi musu hayaƙi a inda suke kwance. Wasu mata suka ce kada a motsa wanda iska ta buge sai an yi masa karatu. Masu cewa asibiti suna nan, amma ba mai son ya zama shi ne ya saɓa wa tsohuwa a kan ɗanta da jikokinta. Ni ma ina cikin masu raɗa. Abin da ya taimaka, ba da dabarar kowa ba, shi ne duk wannan lokacin a fili suke kwance suna shaƙar iskar Allah. Matar ta fara buɗe ido.

Malamin ya zo, ya leƙa barandar, ya fito yana tari. Ya dafa kan ƙaramin yaron ya yi addu'a gajeriya, sannan ya juya ya ce, "Hajiya, a kashe garwashin nan. A kai su asibiti yanzu, ni zan bi ku, karatu ba ya hana tafiya." Da wani ne ya faɗa da ba ta yarda ba.

Tambayar nas

Nas ɗin da ta karɓe mu Ba'ashantiya ce, ba ta jin Hausa. Mma kuma Tuwinta na ciniki ne kawai, ga ruɗewa. Wani jikan maƙwabta ya tsaya tafinta. A Tuwi kalmar "mframa" ita ce iska mai kaɗawa da wadda ake shaƙa. Ruhi da abin ɓoye suna da nasu kalmomin dabam. Nas ta tambaya ko mframa tana shiga ɗakin da suke kwana. Yaron ya juya ya ce, "Mma, wai iska yana shiga ɗakin?"

"Kullum!" in ji Mma. "Kullum dare. Shi ya sa muka toshe ko'ina."

Yaron ya fassara rabin farko, ya bar na biyun, wataƙila don bai ga ma'anarsa ba. Nas ta rubuta cewa ɗakin yana samun iska, ta shiga tambayar me suka ci da dare. Ɗan abin da ake maƙala wa a yatsa don auna oksijin ya nuna lamba mai kyau, kuma wannan sanannen abu ne: na'urar yau da kullum ba ta bambanta jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda gubar ta kama. Saura kaɗan a bi hanyar gurɓataccen abinci. Mai facin ne, da ke tsaye a bakin ƙofa ba takalmi, ya kutsa kai ya faɗa da Tuwinsa na bakin titi cewa janareta ne a ɗaki a kulle, har da kurfoti. Nan take aka juya, aka sa musu abin shaƙar oksijin.

Likitan ya bayyana mana da safe cewa a iskar waje, jiki yakan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin ya fitar da rabin gubar, amma da tsantsar oksijin abin yakan sauko zuwa kamar awa ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. Da aka ba shi labarin kazar sai ya ce tsuntsu ya fi mutum saurin faɗuwa, shi ya sa masu haƙar kwal a Birtaniya suka riƙa shiga rami da kanari a keji har zuwa 1986. Mma, da aka fassara mata, ta ce ita ta riga ta san dalili: kazar fansa ce, ita aka ɗauka aka bar mata jikoki.

Duk biyar ɗin sun rayu. Ƙaramin ya fi daɗewa a kwance. Matar telan kuwa, bayan kamar mako biyu da sallama, ta shiga mantuwa: ta ɗora tukunya ta manta, ta je kasuwa ta rasa me ya kai ta. Likitoci sun san wannan, yakan biyo bayan irin wannan gubar bayan kwanaki ko makonni. A gidan kuma aka ce sauran iskar ce ba ta gama fita ba. Ta ɗauki watanni kafin ta dawo daidai.

Abin da na fahimta

Na daɗe ina ɗora laifin a kan jahilci, daga baya na janye. Telan ya yi makaranta, ni malami ne, kuma dukanmu mun ga kurfoti yana shiga rufaffen ɗaki. Abin da ya faru shi ne kalma ɗaya ta ba mutum uku damar su yi zaton sun yi shawara alhali ba su yi ba. Da telan ya ce sanyi, matarsa ta ce kumburin ciki, Mma ta ce aljanu, da an yi gardama tun a makon farko, gardamar kuma da ta sa wani ya tambaya me ya sa ɗakin nan kaɗai, kuma me ya sa tun da aka sayi inji.

Na kai wa malamin wannan maganar wata rana bayan la'asar. Ya yi dariya ya ce ba Hausa kaɗai ba ce: a Larabci ma "rihu", iska, da "ruhu" daga tushe ɗaya suka fito. Na ƙara masa da cewa Sawahili suna kiran iska "upepo", aljani kuma "pepo". Duk abin da ake ganin aikinsa ba a ganin sa, ɗan Adam yakan sa shi a jaka ɗaya. Mu kuma mun cusa har da wanda ba a san inda ya dosa ba, muka ce ɗan iska, da maganar da ba ta da nauyi, muka ce zancen iska, da mai neman a ƙyale shi, ya ce a ba shi iska. Ba na ganin wannan aibi ne ga harshen. Amma mai tafinta a asibiti, da mai wa'azin lafiya a rediyon zango, in ya ce "ku bar iska ta shiga ɗaki", ya sani akwai tsohuwar da za ta ji akasin abin da yake nufi. Gara ya ce a buɗe taga, a fitar da inji da garwashi waje. Malamin da kansa haka ya faɗa a masallaci a makon da abin ya faru, bai ambaci kalmar ba ko sau ɗaya.

Masana suna cewa a ajiye janareta aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. A gidan haya na Aboabo, mita 6 daga tagarka ita ce tagar wani. Abin da mai gidan ya iya yi shi ne ya sa aka ƙera keji na ƙarfe a tsakiyar tsakar gida, kusa da famfo, da kwaɗo biyu. Aka koma ƙorafin ƙara.

Mma ba ta taɓa sauka daga kan maganarta ba. Da na ce mata, "Mma, ai kin ji abin da likita ya ce, hayaƙin inji ne," sai ta dube ni ta ce, "To, Malam, wa ya sa masa tunanin shigo da injin ɗaki?" Amma da hannunta ta cire tsummokin tagar, ta rataya laya a saman inda iskar ke shigowa, ta kuma daina kai garwashi. Mai facin kuwa, tun daga lokacin duk ranar da ta yi tuwo sai ta zuba nasa a kwanon sha mai murfi. Takan miƙa wa babbar jikarta ta ce, "Ungo, kai wa ɗan iskan nan, kada ya huce."